Taku Talatin Gabas da Sandar Baba Ummaru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da ruwa, ya kuma sanya masa inda zai kwanta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Mu'azu, masu girma wakilan iyayen ƙasa na Bodinga da na Shagari, Allah shi daɗe da ranku, dagatai da masu unguwanni, ardo-ardo, malamanmu limamai, ma'aikatan gona da na lafiyar dabbobi, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfar can, manoma da makiyaya da sunka taso daga Lambara da Kajiji da Horo Birni, wasu bisa babur, wasu a ƙasa, da kuma waɗanda sunka zo kawai don sun ji za a tashi jirgi: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Jamilu, ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Bodinga. Ga waɗanda sunka san ni, ni ne mai buzuzu. Haka mutanen Kajiji sunka raɗa wa jirgina marar matuƙi suna saboda ƙararsa, kuma na daina gardama.

Ina godiya ga Ƙungiyar Ruwa da Kiwo da ta sake ba ni lasifika, duk da ta ga abin da na yi da ita bara. Ina godiya ga shugaba, wanda ya rubuta a takardar taro cewa zan yi magana kan amfanin fasahar zamani ga makiyaya. Zan yi ƙoƙari in iso wurin. Babbar godiyata kuma tana ga mutum sittin da biyu da sunka ɗauki diga da shebur da kwandon ƙasa, sunka yi kwana tara cikin zafin bazarar bara suna haƙa tafki a makiyayar da ke yamma da Kajiji, a daidai wurin da na nuna musu. Ina ganin fuskokin da yawansu a nan. Su ma suna ganin tawa.

Jama'a, magana ta farko ita ce abin da ya faru, don akwai baƙi a cikinmu.

Bara ƙungiya ta yanke shawarar a haƙa wa dabbobi tafki, ya tara ruwan damina ya riƙe shi har cikin rani, shanu su huta da doguwar tafiya. Abin da ake nema shi ne wurin da ƙasa ta fi zurfi, inda ruwa ke gangarowa da kansa. Makiyayar kuwa, kun san ta, in ka tsaya ka duba sai ka rantse shimfiɗe take kamar tabarma. Ido ba ya raba tudu da kwari a wurin. Shekara arba'in ke nan, in za a gina rijiya ko a haƙa tafki a wanga yanki, mutum ɗaya ake kira, Baba Ummaru. Shi ya nuna rijiyar da da yawanku kunka sha kuna yara. Ba ya karatun boko, ba ya riƙe waya. Yakan zo da safe, ya taka ƙasa, ya duba ciyawa, ya duba inda shanu ke kwanciya da inda ba su kwanciya, ya yi shiru har a gaji da shi, sannan ya kafa sanda.

Ran nan ma haka ya yi. Ya kafa sandarsa ta ƙirya a wani wuri, yac ce: "Nan ruwa shika kwana."

Ni kuma na iso da jirgi. Na tashe shi, ya yi ƙara, ya tafi ya dawo, na buɗe kwamfuta, na ɗaga ta sama don kowa ya ga ina da ita, na ce na'ura ta nuna wurin da ya fi zurfi yana gabas da sanda da taku talatin.

Baba Ummaru ya dubi inda na nuna, yac ce: "Ɗana, can gangare na. Ruwa wucewa shikai."

A lokacin lasifika tana hannuna. Da na ajiye ta na je mun yi magana mu biyu, da yau ba mu nan. Amma ban ajiye ba. Na kai ta bakina na ce: "Baba, ita sandar taka, batir nawa take ci?"

Anka yi dariya. Manya sun yi, yara sun yi, har da waɗanda ke can nesa ba su ji abin da na faɗa ba, sun ga ana yi sun taya. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, na ji kaina ya yi girma. Baba Ummaru ya juya ya tafi gida, ya bar sandar a kafe. Wani ya bi shi yana cewa Baba ka manta sanda, yac ce: "Ban mance ba."

Anka haƙa inda na ce. Damina ta faɗi. Ruwa ya zo, ya leƙa tafkina, ya wuce. Ya je ya kwanta taku talatin yamma, ya kewaye sandar ƙirya, ita tana tsaye a tsakiya. Amma da yake ba a haƙa can ba, bai wuce gwiwa ba, kafin a gama girbin gero ya ƙafe. Shanunku sun yi ranin bana suna tafiyar da anka yi niyyar ɗauke musu. Tafkina kuma, in gaya muku gaskiya, bai zama asara gaba ɗaya ba. Na je makon jiya na iske awaki bakwai kwance a cikinsa suna hutawa, don wuri ne busasshe mai kyau, babu ko sauro.

Magana ta biyu ita ce dalili. A nan zan roƙi haƙurinku, domin sai na shiga cikin jirgin da ku. Wanda ya haƙa rami kwana tara yana da haƙƙin ya san abin da ya sa shi haƙawa.

A ƙarƙashin jirgin akwai ma'auni, ɗan abu kamar akwatin ashana. Aikinsa shi ne ya jefa haske ƙasa, hasken ya dawo, ya gane nisan da ke tsakaninsa da ƙasa. Jirgi yana tafiya a tsayi ɗaya, saboda haka inda nisa ya ƙaru, nan ne kwari. Wanga ma'auni yana da kyau, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai dai yana da yadda yake magana. Ba ya faɗin lamba. Wuta yake kunnawa ya kashe a cikin waya ɗaya, sau goma a kowane sakan. In ƙasa tana kusa, ya kunna ya kashe nan take. In ƙasa tana nesa, ya kunna ya daɗe kafin ya kashe. Tsawon kunnawar shi ne saƙon. Mu a aji bugu muke ce wa kowace kunnawa, kuma bugu goma a sakan, a wurin masu lantarki, tafiya ce ta gajiyayye.

A cikin jirgin kuma akwai akwatin rubutu, wanda ke ajiye awo tare da wurin da anka yi shi. Wurin yana samunsa daga tauraron ɗan Adam, irin yadda wayoyinku ke sanin inda kuke. Shi wanga akwati tsoho ne, daga ɗakin gwajin makaranta na aro shi, kuma bai san bugu ba. Abin da ya sani shi ne ƙarfin wuta a tsaye, daga sifiri zuwa bolt biyar. Ka ba shi wuta mai ƙarfi ya rubuta zurfi, ka ba shi mai rauni ya rubuta tudu. Ka ba shi mai kunnawa da kashewa ya rubuta shirme.

To, ga mai magana, ga mai rubutu, ba su jin harshen juna. Ana buƙatar tafinta. Ni na gina tafintan, da hannuna, da abu biyu kacal, rezista da kafasita.

Kada sunayen su firgita kowa. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wanga aiki. Ku ɗauka ga randa, ana zuba mata ruwa da moɗa, a zuba a tsaya, a zuba a tsaya, a gindinta kuma akwai 'yar huda tana ɗiga. In ana daɗewa ana zubawa, ruwa ya hau. In ana zuba kaɗan kaɗan, ruwa ya sauka. Wanda ya dubi bakin ruwan cikin randa zai san yawan abin da ake zubawa ba tare da ya ƙirga moɗa ba. Kafasita ita ce randa. Rezista ita ce siririyar hanyar da wuta ke bi ta shiga ta fita. Bakin ruwan shi ne ƙarfin wutar da akwati ke rubutawa. Ke nan an mai da bugu ya zama wuta a tsaye. Duk ilimin ke nan, kuma shi nake koya wa 'yan aji biyar kowace shekara ina yi musu faɗa in sun faɗi.

Da farko na sa ƙaramar randa. Na jona allurar awo in gani, sai allura ta kama rawa. Duk bugu sai ta yi tsalle ta faɗo, don tsakanin bugu da bugu akwai tazara, kafin na biyu ya iso ruwan na farko ya tsiyaye. Da ma'aunin yana bugu dubu a sakan, da ƙaramar randa ta wadatar. Amma sau goma ne. Na ga allura tana rawa, na ce ba zan fita gaban jama'a da abu mai karkarwa ba. Na shiga Sakkwato wurin masu sayar da kayan rediyo, na ce a ba ni babbar kafasita. Mai shagon ya ba ni, ya tambaye ni ko na yi lissafi. Na ce masa ni malamin kimiyya ne.

Na dawo na jona rezista mai dubu ɗari da kafasita mai lamba arba'in da bakwai. Allura ta tsaya cak. Ko kaɗan ba ta motsi. Na dube ta na ji sanyi a raina, na ce ga natsuwa, ga kamala, ga abin nuna wa hakimi.

Jama'a, ku saurara da kyau, don a nan kwana taranku ya tafi. Babbar randa ba ta girgiza, gaskiya ne. Amma babbar randa ba ta saurin cika, ba ta kuma saurin sauka. In ƙasa ta sauya a ƙarƙashin jirgi, ma'auni yana sauya bugunsa nan take, amma randa sai ta ɗauki lokaci kafin ta yarda. Lissafin lokacin ba shi da wuya, ka ninka lambar rezista da ta kafasita, shi ke nan. Nawa ya ba da sakan biyar saura kaɗan. Layi ɗaya ne a allo. Ban yi shi ba.

Shi kuwa jirgi ba ya jiran kowa. Mita biyar yake ci a kowane sakan. Ya wuce bisa sandar Baba Ummaru, ma'auni ya ce nan ne zurfi, randa ta fara tunani. Kafin ta gama tunani ta sanar da akwati, jirgi ya yi gaba mita ashirin da uku da 'yan kai. Akwati ya tambayi tauraro ina muke yanzu, tauraro ya faɗa masa gaskiya, akwati ya rubuta zurfi a wurin. Mita ashirin da uku, a ƙafar mutum madaidaici, taku talatin ne. Ma'auni bai yi ƙarya ba. Tauraro bai yi ƙarya ba. Akwati bai yi ƙarya ba. Tafinta ne ya makara, kuma tafinta aikin hannuna ne.

Akwai abin da ya fi wanga muni, kuma shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata. Ran nan jirgin bai tafi kawai ba, ya tafi ya dawo. Da yana tafiya gabas, ya nuna zurfi gabas da sanda. Da yana dawowa yamma, ya nuna zurfi yamma da sanda, shi ma taku talatin. Na gani da idona a kwamfuta, kuna tsaye kewaye da ni kuna jira. Wurare biyu, tsakaninsu taku sittin. Ɗan aji ɗaya da anka ba wanga tambaya zai ce a duba tsakiya. A tsakiya kuwa akwai sanda a kafe, da tsoho a tsaye kusa da ita. Ni na ce a raina iska ce ta kaɗa jirgi a dawowa. Na danna, na share awon dawowa, na ɗaga kwamfuta sama. Na share shi ne don in na bar shi sai na ce ban sani ba, kuma ga wakilin hakimi a zaune, ga lasifika a hannuna. Ina jin kunyar wanga fiye da kunyar lissafin.

Magana ta uku, yadda na gane. Da na so in ce muku bincike ne mai zurfi. Turmi ne.

Bayan damina ta tona ni, na yi wata biyu ina ɗora wa abubuwa laifi. Na ɗora wa iska, na ɗora wa batir, na ɗora wa tauraro, har na fara tunanin ko ƙasar ce ta sauya bayan mun tafi. Wata ranar Asabar da la'asar na rataye ma'aunin a reshen dogon yaro a tsakar gidana, yana kallon ƙasa, ina duba allura. A ƙarƙashinsa akwai turmin maiɗakina, Rahamatu, a kife. Ita ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ba ta cika shiga harkar jirgi ba, sai dai in ya hau mata shanya. Ta zo ta janye turminta za ta yi daka. Nisa ya ƙaru, ya kamata allura ta hau nan take. Allura ta tsaya tana shawara. Rahamatu ta kai turmi bakin madafa, ta dawo ɗaukar taɓarya, ta iske allura tana hawa a hankali, ba ta iso ba.

Ta tsaya ta duba, tac ce: "Malam, wanga abin naka, sai yaushe za shi san turmi ya tashi?"

Na ce mata natsuwa ce, an gina shi ne don kada ya yi garaje.

Tac ce: "To. Mu dai can asibiti, in munka sa ma'aunin zahi ga hammatar yaro, riƙe yaron mukai. Ba mu barinai shi yi ta gudu." Ta ɗauki taɓaryarta ta wuce.

Na zauna a wurin har anka kira magariba. Shekara goma sha huɗu ina koyar da wanga darasi.

Magana ta huɗu, gyara. Na cire randa gaba ɗaya. A wurinta na sa wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ba ta kai faɗin babban yatsa ba. Ita ba ta tara komai. Tana da agogo a cikinta, in bugu ya fara ta duba agogo, in ya ƙare ta sake dubawa, ta san tsawonsa, ta fitar da wuta a tsaye daidai da shi, ta riƙe ta har bugu na gaba ya zo. Babu rawa, kuma jinkirinta bai wuce bugu ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan. A tafiyar jirgi, rabin mita ke nan. Na gwada ta da turmi sau ashirin, da izinin mai turmi.

Ga malamai 'yan uwana da ke nan, da duk wanda zai yi irin wanga aiki, ga abin da na saya da kwana taran mutane. In bugu mai jinkiri ne, randa ɗaya ba za ta ba ka natsuwa da sauri tare ba, sai ka zaɓa, ko ka bar randa ka nemi mai agogo. In kuwa dole sai randa, to ka yi lissafin jinkirinta, ka ninka da gudun jirginka, ka san taku nawa za ta cuce ka. Kuma kullum ka tashi jirgi ya tafi ya dawo a layi ɗaya. In awon biyu ya saɓa, kada ka share wanda bai yi maka daɗi ba. Saɓanin shi ne abin da na'urar ke ƙoƙarin gaya maka.

Makon jiya na koma makiyaya da sabon tafinta. Na tashi jirgi gabas, na tashe shi yamma, na tashe shi kudu da arewa, sau goma sha biyu. Duk sun nuna wuri ɗaya. Na auna da igiya daga wurin zuwa sandar ƙirya, wadda har yanzu tana nan a kafe, ruwa ya yi mata zobe a jiki amma gara ba ta taɓa ta ba. Tsakaninsu kamu ɗaya. Na riga na gaya muku jirgina yana iya kuskuren rabin mita. Saboda haka kamun nan, a ganina, na jirgi ne.

Wanga shi ne amfanin fasahar zamani da shugaba ya ce in yi magana a kai. Da jirgi, da kwamfuta, da tauraron ɗan Adam, da shekara guda, mun samu nasarar gano inda sanda take.

Ya ku iyayena, ya ku jama'a, saura magana ta ƙarshe, kuma ita ta kawo ni. Tafki ana sake haƙa shi. Ranar Asabar mai zuwa, in shugaba ya yarda, za a fara, kuma zan zo da digata, ba da kwamfuta ba. Wanda ya ce ba ya zuwa don ya riga ya yi nasa kwana taran, ba ni da bakin ce masa komai. Amma akwai abin da diga ba ta gyarawa.

Tun ranar da anka yi dariyar nan, Baba Ummaru bai sake nuna wa kowa wuri ba. Mutanen Horo Birni sun je masa a kan rijiya, sunka kai gaisuwa yadda ta dace, yac ce musu: "Ku tai wurin buzuzu." Ya daina zama a majalisar bakin masallaci. Shekara guda yana tafiya babu sanda, dattijon da ya haura saba'in, kuma 'ya'yansa sun sassaƙa masa wata ya ƙi karɓa. Abin da ke kansa na sanin ƙasar nan ba a rubuce yake ba, ba ya cikin jirgina, ba ya cikin littafin da nake koyarwa. In ya yi shiru da shi har Allah ya yi ikonsa, to ni na binne shi, da magana ɗaya, don a yi mini tafi.

Sau uku ina zuwa gidansa. Na farko ya karɓe ni, ya sa anka kawo fura, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi hanya, ya raka ni bakin ƙofa. Na biyu ma haka. Duk lokacin da na buɗe baki zan shiga maganar, sai ya tambayi lafiyar wani. A na uku na ƙi bari, na durƙusa na ce Baba na yi kuskure, ka yafe mini. Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan yac ce: "Malam, ai ba gida anka yi man dariya ba."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na roƙi shugaba ya ba ni lasifika, ita dai wadda na yi ɓarnar da ita. Shi ya sa kuma na roƙi Ardo ya lallashe shi ya zo. Ga shi can a layin baya, kusa da tukwanen ruwa, inda ya zaɓa da kansa, ko da yake an ajiye masa kujera a gaba.

Baba Ummaru, Allah shi ba ka yawan rai. A gaban jama'a na tambaye ka batir nawa sandarka take ci. A gaban jama'a nake ba da amsa: ba ta cin ko ɗaya, kuma ta riga jirgina isa da shekara guda. Ka ce can gangare ne, gangare ne. Ka ce nan ruwa ke kwana, nan ya kwana, duk wanda ke wurin nan shaida ne. Ni na yi kuskure a lissafi, na yi ha'inci a awo, na yi rashin kunya a baki. Ina roƙonka gafara. Ina kuma roƙon waɗanda sunka taya ni dariya su taya ni roƙo, don ba ni kaɗai na ji daɗinta ba. Sandarka ban taɓa ta ba, ban bari kowa ya taɓa ba. Muna roƙo ranar Asabar ka zo ka cire ta da hannunka, a sa diga a ramin da ta bari.

Ban ce ka amsa yanzu ba, Baba. Ka saba yin shiru har a gaji da kai, kuma ni bana na koyi abin da ake yi in amsa tana da jinkiri. Ba a yin gaba. Tsayawa ake a wurin har ta iso. In an tashi taro, kowa ya hau babur ɗinsa, za ka same ni a nan inda nake tsaye.

Allah shi ba mu damina mai albarka. Allah shi cika tafkin da za a haƙa, shi shayar da dabbobinmu, shi raba manomi da makiyayi da fitina. Allah shi saka wa mutum sittin da biyu da ladan kwana tara, ko da ramin bai riƙe ruwa ba. Allah shi ja kwanan dattawanmu, shi ba mu kunnen jin su tun suna magana. Allah shi ƙara wa shugabanninmu lafiya da adalci, shi mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.